Kwafin tsohon faifai ya ƙi tashi a 86Box: a ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Injiniya. Daga Jos nake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, safiyo ne, ya daɗe yana awon filaye a Jos da Bukuru. Duk lissafin awon da ya yi yana cikin wata tsohuwar kwamfuta 486 mai MS-DOS 6.22 da ke ofishinsa, kuma har yau mutane na zuwa neman bayanan filayensu. Kwamfutar ta daina tashi. Wani mai gyara ya cire faifan ajiyarta ya kwafe min shi gaba ɗaya ya zama fayil guda, girmansa bayit 212,674,560. Na saka shi a 86Box, ita da kanta ta cike silinda 412, kawuna 16, sekta 63. BIOS ya ga faifan, amma in na kunna sai ya rubuta Missing operating system. Wani abokina ya ce in tashi da filofi in buga FORMAT C: /S. In yi? Ko kwafin ne ya lalace?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aikin da ya bari ya ci gaba da amfanar jama'a. Kafin mu je ko'ina, kada ka kuskura ka buga wannan umarni. FORMAT yana share jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake zaune ne ya rubuta sabo fanko. Abokinka ya yi zaton DOS ne ya ɓace daga faifan, yana so a mayar da shi, amma lambobin da ka turo min suna nuna wani abu dabam. DOS na nan, aikin Baba na nan, kwamfutar kwaikwayon, wato 86Box, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin ta yau, ita ce take neman su a wurin da ba nan suke ba.

Tambayarka a taƙaice ita ce: me ya sa faifan da BIOS, shirin da ke fara tayar da kwamfuta, ya gani ya ƙi tashi, kuma ta yaya za a gane laifin saiti ne ko na kwafin? Zan bi ta a hankali, domin in ka gane dalilin sau ɗaya ba za ka sake buƙatar kowa a kan irin wannan ba.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka gama karanta wannan amsa: ka yi kwafin fayil ɗin guda biyu. Ɗaya a filas, ɗaya a wata kwamfutar dabam, ka sa musu alamar karatu kawai. Girmansa bai kai bidiyon biki ɗaya na waya ba, babu dalilin rowa. Duk gwajin da za mu yi a kan na uku za mu yi shi. Shi kuma ainihin faifan ƙarfen, ka karɓo shi daga wurin mai gyara ka nannaɗe shi ka ajiye inda danshin damina ba zai kai gare shi ba. Faifan da ya haura shekara 30 ba a kunna shi sai da dalili.

Yadda tsofaffin kwamfutoci ke ƙirga faifai

Kwafin da ke hannunka jerin sektoci ne kawai, kowace bayit 512, daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Kwamfutar yau haka take kiran su, da lamba guda: ba ni sekta ta kaza. Ta zamanin Baba ba haka take yi ba. Lamba uku take bayarwa: silinda (zagayen faifai) ta nawa, kai (allurar karatu) na nawa, sekta ta nawa. Wannan gado ne daga faifan farko-farko, irin na IBM PC XT ta 1983 mai MB 10, wanda da gaske yake da silinda 306, kawuna 4 da sekta 17 a kowane zagaye. Da faifan IDE, nau'in da ya biyo baya, suka zo, lambobin suka daina bayyana ainihin abin da ke cikin ƙarfen, suka koma yarjejeniya tsakanin faifai da BIOS, amma DOS bai daina magana da su ba.

A nan gizo ke saƙar. Fayil ɗin kwafi, irin wanda ake kira .img, ba ya ɗauke da waɗannan lambobi uku a wani keɓaɓɓen wuri da manhajar kwaikwayo za ta karanta. Girmansa kawai take gani, sai ta yi kintace. 86Box ta raba girman fayil ɗinka da 16 da 63, domin su ne lambobin da yawancin faifan IDE na baya-baya suke amfani da su, ta samu 412.

Mu yi lissafin tare. Bayit 212,674,560 in ka raba da 512 za ka samu sekta 415,380. Silinda 412 sau 16 sau 63 kuwa 415,296 ne. Saura 84 sun yi rara. Kai, 415,380 ko da 63 kaɗai ba ta rabuwa daidai. Faifan da aka kwafe shi cikakke ya kamata girmansa ya fito cif daga lambobinsa uku, don haka wannan rarar ita ce shaidar farko cewa kintacen bai dace ba. Amma ka gwada 989 sau 12 sau 35: 415,380 daidai wa daida, ko ɗaya ba ta rage ba. An yi faifan MB 212 masu waɗannan lambobi a farkon shekarun 1990, daidai zamanin 486. Wannan kuma albishir ne ta wani ɓangaren, domin yana nuna mai gyaran ya kwafe faifan tun daga farko har ƙarshe bai tsaya a hanya ba.

Yanzu ga abin da ke faruwa in ka kunna. BIOS yana karanta sekta ta farko, wato MBR. Wannan ba ta ɓata, ko da wane lissafi aka bi, ita ce ta farko. A cikinta akwai ɗan ƙaramin shiri da teburin rabon faifai. Shirin yana duba teburin, ya ga an rubuta cewa rabon da DOS yake ciki ya fara daga silinda 0, kai na 1, sekta ta 1. Ka ɗauka kasuwa ce mai shaguna a jere, aka ba ka adireshi: layi na biyu, shago na farko. Wanda ya rubuta adireshin ya san kowane layi shago 35 ne, kai kuma aka gaya maka 63 ne. Za ka ƙirga 63 ka tsaya a ƙofar wani, alhali wanda kake nema ka baro shi tun bayan na 35. Haka shirin MBR yake yi. Ya ɗauko sektar da ba ita ba, ya duba ƙarshenta ko akwai hatimin 55 AA da ake sa wa kowace sektar tashi, bai gani ba, sai ya rubuta maka Missing operating system. Wannan saƙo ma daga cikin kwafinka ya fito, ba daga 86Box ba. Ma'ana shirin da ke farkon faifan Baba yana raye, ya yi aikinsa har ya kai ga yin ƙorafi.

Tambayi kwafin da kansa

Lissafina na 989, 12, 35 alama ce mai ƙarfi, amma ba na son ka dogara da shi, kuma ba na son ka dogara da abin da aka buga a takardar da ke manne a bayan faifan. Dalili shi ne wanda ya haɗa wa Baba kwamfutar a wancan lokaci yana iya shigar da wasu lambobin dabam a BIOS, faifan kuma ya amince, domin faifan IDE suna karɓar duk lissafin da bai wuce girmansu ba. Na ga irin wannan a aikina a nan Abuja, a kwamfutar wata maɗaba'a: takardar faifai na faɗin abu ɗaya, teburin rabo na faɗin wani. Wanda DOS ya yi aiki da shi tsawon shekaru shi ne gaskiya, kuma a rubuce yake a cikin kwafin.

Sauko da HxD, manhajar da ke nuna bayit-bayit na fayil, kyauta ce, ka buɗe kwafin aiki da ita. Za ka ga layuka na lambobin heks, ƙirga mai tushe 16 da ke haɗa 0 zuwa 9 da A zuwa F, da adireshi a gefen hagu. Gangara zuwa 1BE, nan teburin rabo ya fara, gurbi huɗu, kowane bayit 16. A 1BE ya kamata ka ga 80, alamar cewa daga wannan rabon ake tashi. A 1C2 akwai nau'in rabon, kuma ga faifai mai wannan girma 06 nake sa ran gani, wato FAT16, tsarin jadawalin fayiloli na DOS. A 1C3 akwai lambar kai na ƙarshe. Da yake daga sifili ake ƙirga kawuna, sai ka ƙara ɗaya: in ka ga 0B, wato 11, kawuna 12 ke nan. A 1C6 kuma akwai lambar sektar da rabon ya fara. In ka ga 23 00 00 00, to 23 a heks 35 ce, kuma tunda FDISK, shirin raba faifai na DOS, yana tsallake zagaye guda cif kafin ya fara rabo na farko, wannan lambar ita ce yawan sekta a kowane zagaye. Bayit ɗin 1C4 ma yana ɗauke da ita, amma a cakuɗe da wani yanki na lambar silinda, shi ya sa za ka iya ganin E3 a maimakon 23. Kada wannan ya ruɗe ka.

Akwai shaida ta biyu. Sekta 35 sau 512 ya ba da 17,920, wato 4600 a heks. Je can. A gefen dama za ka ga rubutu kamar MSDOS5.0, ko da DOS ɗin 6.22 ne, haka yake rubutawa, da FAT16 a ɗan ƙasa kaɗan. A 4618 akwai yawan sekta, a 461A akwai yawan kawuna, kamar yadda FORMAT ya same su ranar da aka fara shirya faifan. In waɗannan sun yi daidai da na teburin rabo, magana ta ƙare. Silinda kuma sai ka raba 415,380 da kawuna da sekta.

Abu biyu za su iya sauya labarin. In ka buɗe kwafin ka ga MSDOS5.0 tun a layin farko, to rabon kaɗai aka kwafe ban da MBR, sai an sake kwafa ko a gina masa sabon faifai a zuba shi ciki. Saƙon da kake gani ya sa ban tsammanin haka a wurinka. Na biyu, in ka ga 54 ko 55 a 1C2, faifan na ɗauke da Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive, shirye-shiryen da ake sa wa manyan faifai don su tsallake iyakar tsohon BIOS. Irin wannan sai an bar shi ya tashi daga faifan da kansa, in ka tashi da filofi kai tsaye ba za ka ga komai daidai ba. Amma faifan MB 212 ba ya buƙatar su.

Saitin 86Box, mataki-mataki

Wuri uku ne dole bakinsu ya zo ɗaya: abin da ke rubuce a kwafin, abin da ka gaya wa 86Box, da abin da ke cikin BIOS na kwamfutar kwaikwayon. Mutane da yawa suna gyara na biyu su manta da na uku.

Ka zaɓi inji daga jerin 486, mafi kyau mai BIOS na AMI ko Award, ka ba shi RAM MB 8 ko 16. Shiga Storage controllers. Yawancin madabod ɗin 486 na farko ba su da IDE a jikinsu, kati ake cusa musu, don haka sai ka zaɓi kwantirolan IDE na ISA da hannunka. In ka bar gurbin babu komai, duk faifan da ka ƙara injin ba zai san da shi ba. Daga nan je Hard disks, cire faifan da ka saka da farko, danna Existing, zaɓi kwafin aiki, ka goge abin da ta cike ka rubuta 989, 12, 35 ko abin da kwafin ya nuna maka. Bus ya zama IDE, Channel ya zama 0:0, wato faifai na farko a kebul na farko. In kana son tabbatarwa, rufe manhajar ka buɗe 86box.cfg da Notepad, za ka ga layi kamar haka:

hdd_01_parameters = 35, 12, 989, 0, ide

Lura cewa a nan sekta ce a gaba, sannan kawuna, sannan silinda.

Kunna injin ka danna Del don shiga saitin BIOS. A Standard CMOS Setup je layin faifan C, zaɓi nau'i na 47 in AMI ne, ko User in Award ne. Nau'o'in da ke ƙasa da shi jerin tsofaffin faifai ne da aka gada tun daga IBM AT ta 1984, na 2 misali shi ne mai MB 20, silinda 615, kawuna 4, sekta 17. Na 47 shi ne wanda kake cikewa da kanka. Rubuta lambobin nan uku, WPcom ka sa 65535, LZone ka sa 989. Tsofaffin lambobin 412, 16, 63 suna nan zaune a BIOS tun gwajinka na farko, domin 86Box tana adana saitin CMOS, wato ƙwaƙwalwar da BIOS ke ajiye saitinsa, a foldar nvr, ba za su sauya da kansu ba. In BIOS ɗin yana da zaɓin NORMAL, LBA da LARGE, NORMAL za ka ɗauka. A BIOS na AMI akwai wani shafi, Hard Disk Utility. Kada ka shiga. Abubuwan da ke cikinsa na tsofaffin faifan MFM ne, kuma suna share komai.

Batun NORMAL da LBA ya cancanci ɗan bayani saboda wanda faifansa ya fi naka girma. BIOS na da bai iya wuce silinda 1024 da sekta 63 ba, IDE kuma bai wuce kawuna 16 ba. In ka haɗa iyakokin za ka samu bayit 528,482,304, abin da ake kira katangar MB 504 ko 528. Daga wajen 1994 aka fara yin BIOS masu fassara, suna rage silinda su ninka kawuna. Faifai mai silinda 1654 da kawuna 16 sai DOS ya gan shi a matsayin 827 da 32. Mai irin wannan kwafi zai ga kawuna 32 ko 64 a teburin rabo, alhali IDE bai wuce 16 ba. Maganinsa shi ne ya ba 86Box lambobin ainihi, ya zaɓi injin da BIOS ɗinsa ya iya fassara, ya sa LBA ko LARGE, wanda ya fitar da adadin kawunan da ke teburin. Gaba da wannan akwai iyakar GB 2 ta kowane rabon FAT16 a DOS, da ta GB 8.4. Naka yana ƙasa da dukkansu.

In komai ya daidaita za ka ga Starting MS-DOS. Karon farko, da ganin wannan rubutu ka danna F8. DOS zai riƙa tambayarka layi-layi na CONFIG.SYS ko ya ɗora shi. Kwamfutar safiyo ba ta rasa direban linzami, na filota, ko na allon zana taswira, kuma direban da ya nemi na'urarsa bai samu ba yana iya tsayar da injin cak. Duk layin da ya maƙale ka rubuta shi, a tashi na gaba ka ce masa N. F5 kuma yana tsallake su duka.

Fitar da bayanai, da wani tarko na harafin faifai

Tashin injin rabin aiki ne. Kana buƙatar hanyar da fayiloli za su fita daga ciki zuwa Windows ɗinka, su kuma shiga.

Kafin ma wannan, ga gajeriyar hanya: 7-Zip, manhajar buɗe matsattsun fayiloli, tana buɗe kwafin faifai irin naka kai tsaye, ta nuna foldoji, ka ciro abin da kake so. Ita ba ruwanta da silinda da kawuna, lambar sekta guda take bi. Ka gwada yau ɗin nan. In ta nuna maka foldojin Baba da sunayensu daidai, ka samu amsar rabin tambayarka ta biyu. In kuwa abin da ka gani wani ƙaton fayil ne mai suna DRVSPACE.000 ko DBLSPACE.000 da 'yan ƙananan fayiloli, to an matse faifan ne, komai na cikin wannan ƙaton, kuma DOS ɗin da ke kan faifan ne zai buɗe shi in ya tashi.

Don aikin yau da kullum ni faifai na biyu nake ƙarawa. A Hard disks danna New, zaɓi nau'in VHD, girma MB 100 ya isa, Channel 0:1. Amfanin VHD shi ne yana ɗauke da lambobinsa uku a cikin bayit 512 na ƙarshensa, kuma Windows tun daga 7 tana iya maƙala shi ta Disk Management ya fito kamar filas. Shigar da shi a BIOS a layin D, sannan FDISK, zaɓi na 5 don komawa faifai na biyu. Ka duba da kyau cewa a faifai na 2 kake kafin ka taɓa komai.

Ga tarkon. DOS yana raba haruffa ne ga babban rabon kowane faifai tukuna, sannan ya dawo kan ƙananan rabon da ke cikin Extended. In faifan Baba yana da C da D, ka zo ka yi wa sabon faifai Primary, sabon zai ƙwace D, tsohon D ya koma E. Manhajar awon za ta buɗe lafiya, ta nemi bayananta a D, ta tarar da fanko, ta ce maka babu komai. Na ga mutum ya yi zufa a gaban allo saboda wannan, yana zaton shekarun aiki sun tafi. Don haka a sabon faifai Extended kawai za ka yi, ka sa Logical a ciki, zai ɗauki harafin ƙarshe bai taɓa na kowa ba. Bayan FDISK sai injin ya sake tashi kafin ka yi masa FORMAT, shi kaɗai, da harafinsa.

Doka ɗaya a nan: kada Windows da 86Box su riƙe fayil ɗin a lokaci guda. Kashe injin, maƙala VHD, kwafa, cire shi, sannan ka kunna.

Za ka iya jin sha'awar mayar da kwafin Baba ma VHD. Ban ba ka shawara ba. Manhajojin da ke juya .img zuwa VHD suna lissafa nasu silinda da kawuna daga girman fayil, sai ka koma gidan jiya. Bar shi yadda yake.

Filofi ba shi da wahala: kwafin mai MB 1.44 girmansa bayit 1,474,560 ne, kuma nau'in da ka zaɓa a 86Box ya zama shi ne a BIOS. CD kuwa BIOS na 486 bai san da shi ba. Ka sa shi a matsayin ATAPI, a 1:0 in kwantirolanka mai kebul biyu ne, ka ɗora direba irin OAKCDROM.SYS a CONFIG.SYS da MSCDEX a AUTOEXEC.BAT, sunan da ke bayan /D: ya zama iri ɗaya a duka biyun. Ga aikinka ban ga kana buƙatarsa ba.

Sai batun wuta. In AUTOEXEC.BAT yana ɗora SMARTDRV, shirin ƙara wa faifai sauri, wani rubutun yana jira a ƙwaƙwalwa kafin ya sauka a faifai. Fita daga manhajar awon, buga SMARTDRV /C, sannan ka rufe 86Box. A laftof mai batir za ka yi wannan aiki, domin ɗauke wuta a tsakiyar rubutu yana lalata FAT na kwaikwayo kamar yadda yake lalata na gaske. Kowane mako ka kwafe fayil ɗin aiki ka sa masa kwanan wata.

Wasu hanyoyin, da inda wannan ta tsaya

86Box tana kwaikwayon madabod da guntayensa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa take neman duk wannan saiti, shi ya sa kuma tsofaffin manhajoji masu tsirfa suke yarda da ita. Wasu da aka rubuta da Turbo Pascal, misali, suna faɗuwa da Runtime error 200 a kan injin da ya yi musu sauri, a 486 na kwaikwayo kuwa lafiya lau. Amma in manhajar Baba ba mai tsirfa ba ce, DOSBox-X, wata manhajar kwaikwayon DOS, ta fi sauƙin zama da ita kullum: ka ciro foldojin da 7-Zip, ka nuna mata folda a matsayin C, shi ke nan, babu faifai babu lissafi. Tana kuma iya tashi daga kwafin:

imgmount 2 kwafi.img -size 512,35,12,989 -t hdd -fs none
boot -l c

Ni dai ra'ayina, ka fara da 86Box har ka ga manhajar tana aiki yadda Baba ya bar ta, ka gane inda take ajiye bayananta. Daga nan ka sa himma wajen fitar da su zuwa sigar da kwamfutar yau ke karantawa. Fayilolin da suka ƙare da .DBF, LibreOffice Calc tana buɗe su kamar jadawali. Zane in .DWG ne ko .DXF, manhajojin zane na yanzu sun san su. In kuma sigar manhajar ce ta kanta, nemi inda take buga rahoto, ka sa ta buga zuwa fayil. Bayanan fili abu ne da ake kai wa gaban mai unguwa da kotu, bai kamata a ce fayil ɗaya da mutum ɗaya ya san yadda ake tashinsa ne kaɗai ke riƙe da su ba.

Akwai abin da daidaita lissafi ba zai warware ba. Manhajojin awo da zane masu tsada na wancan zamani da yawa suna zuwa da ɗan makulli da ake cusawa a ramin firinta a bayan kwamfuta, in babu shi ba sa buɗewa. Leƙa bayan injin Baba. In ka ga wani ɗan akwati a maƙale a wurin, adana shi, kuma ka san cewa kwaikwayo ba zai maye gurbinsa cikin sauƙi ba. Haka nan in faifan yana da sektocin da suka mutu, manhajar kwafa tana iya cike gurbinsu da sifili, girman fayil ya fito daidai amma ciki da ramuka. Tambayi mai gyaran da me ya kwafa, kuma ko ta nuna kurakurai. In ta nuna, a sake da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifai mai matsala, a Linux, a kan tsohon madabod mai ramin IDE na gaske, domin adaftar USB ba kasafai take jituwa da faifan wannan zamani ba. Masu gyaran kwamfuta na wajen Terminus da Ahmadu Bello Way ba sa rasa tsohuwar Pentium 4 a ƙarƙashin tebur.

Ita ma tsohuwar kwamfutar kada ka sayar wa 'yan gwangwan tukuna. Buɗe murfin ka duba kusa da ramin kibod. A madabod ɗin 486 da yawa akwai ɗan batir mai siffar ganga, shuɗi ko kore, a like da dalma. In ya tsufa yana tsiyaya, za ka ga wani gari fari-kore a ƙafafunsa da kan layukan tagullar da ke kewaye. Wannan batir shi ke riƙe da lambobin faifai a CMOS. In ya mutu injin ya manta 989, 12, 35, sai ya ƙi tashi ko da faifan lafiyarsa ƙalau. Mai yiwuwa ciwo ɗaya ne ya kama ta gasken da ta kwaikwayon. A cire batir ɗin, a goge wurin, a shigar da lambobin, tana iya tashi, kuma in akwai makulli ita ce za ta fi karɓarsa.

In ka bi duk wannan bai tashi ba, turo min abu uku: hoton allon HxD daga 1B0 zuwa 1FF, hoton layuka huɗu na farko daga 4600, da ainihin saƙon da injin ya rubuta, harafi da harafi. Missing operating system dabam yake da Non-System disk or disk error, dabam da HDD controller failure. Na farko MBR ne ke magana, na biyu sektar tashi ce ta DOS ta nemi IO.SYS ba ta gani ba, na uku kuma BIOS ne bai ji amsar kwantirola ba, kowanne da wurin da za mu duba.